Wasiƙa daga Shikago: Farin shekara 108 da aka ɗora wa bunsuru laifinsa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya, da iyali da harkoki. Mu nan Shikago sai godiya, ban da iskar tafkin Mishigan da ba ta raga wa kowa. Yau labarin wata ƙungiyar besbol na kawo muku. Wasa ne da ba ma yi a gida, amma duk wanda ya taɓa kwana da baƙin cikin ƙwallo zai gane zafin abin.

Sunanta Chicago Cubs, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka kafa gasar National League a 1876. Ta ci kofin World Series, ƙololuwar wasan a Amurka, a 1907 da 1908, daga nan ta shiga fari. Ba ta sake ɗaga shi ba sai 2016. Don ku auna nisan, lokacin da ta ci na 1908 jirgin ƙasa bai iso Kano ba tukuna. An haifi mutane a arewacin birnin nan, suka yi 'ya'ya da jikoki, aka kai su makwanci, suna ta cewa "sai baɗi".

Wasan a taƙaice: mutum tara-tara ne. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka mata sanda ya ruga, in ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo inda ya taso an ci maki. In aka fitar da mutum uku sai a yi musanya. Zango tara ake yi, babu agogo, kuma wasa 162 kowace ƙungiya take yi a kaka kafin zagayen fidda gwani.

To, tambayi kowa a nan me ya jawo farin, zai ce maka bunsuru. A 1945, ana wasa na huɗu na World Series da Detroit Tigers, wani Bagirke mai mashaya, William Sianis, ya zo da bunsurunsa, har ya saya masa tikiti. Aka kore su saboda wari. Wai sai ya yi wa ƙungiyar baki, ya ce ba za ta ƙara ci ba. Cubs ta sha kashi a wannan gasa, ta kuma yi shekara 71 ba ta sake kaiwa can ba. An sha shigo da awaki filin don a karya bakin, a ƙasar da ke yi wa wasu dariyar camfi.

Ni dai ban sayi wannan labari ba. Kafin bunsuru ya zo an riga an yi shekara 37 ba kofi. Laifi tudu ne, kuma tudun nan a ofishin masu ƙungiyar yake. Philip Wrigley, mai kamfanin cingam, ya riƙe ta daga 1932 zuwa 1977, mutum ne mai son filinsa ya yi kyau fiye da ƙungiyarsa ta yi ƙarfi. A 1961 ya fito da wata dabara ta soke muƙamin babban koci, aka riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu horarwa, yau wannan gobe wancan. A 1962 suka sha kashi 103. A 1964 suka bai wa manyan abokan gabarsu, St. Louis Cardinals, wani matashi Lou Brock, ya je can ya zama gagarau, shi kuwa mai jefan da aka karɓo a madadinsa hannunsa ya riga ya lalace. Fitilun wasan dare ma sai 8 ga Agusta 1988 aka kunna su, shekara 40 bayan kowa ya sa nasa.

Abin da ya hana a gyara kuwa shi ne filin kansa. Wrigley Field, wanda aka gina a 1914, yana tsakiyar unguwa, gidaje kewaye da shi. Ranar wasa in ka hau jirgin Red Line za ka tarar da shi maƙil da masu shuɗiyar riga, ka sauka a tashar Addison sai ga filin a gabanka. Bangon baya lulluɓe yake da wani ganye mai yaɗo da aka shuka a 1937, ƙwallo takan shige ciki ta ɓace, ɗan wasa ya ɗaga hannu sama alamar ya rasa ta. Allon maki har yau da hannu ake sauya lambobinsa, mutane ne a ciki suna hawa tsani. An tashi wasa sai a ɗaga tuta: fara mai harafin W in an ci, shuɗiya mai L in an sha kashi, don masu komawa gida a jirgi su gani. Wuri ne mai daɗin zama, kuma bayan kamfanin Tribune ya sayi ƙungiyar a 1981, talabijin ɗinsa na WGN ya kai ta kowane lungu na Amurka. Kuɗi na shigowa, a ci ko kada a ci. Wa zai ta da hankalinsa?

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Ernie Banks, baƙar fata na farko da ya yi wa Cubs wasa, a 1953. Sau 512 yana buga ƙwallo ta tsallake katanga, sau biyu yana zama gwarzon gasa, a 1958 da 1959, amma ya yi ritaya a 1971 bai taɓa shiga zagayen fidda gwani ba. Ya rasu a Janairun 2015, saura ƙiris.

A 2003 kuma aka samu sabon wanda za a ɗora wa. Cubs na gaba da ci 3 da nema a kan Florida Marlins, saura mutum biyar su fitar su kai World Series, sai wani ɗan kallo ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon da ɗan wasan Cubs Moisés Alou yake ƙoƙarin cafewa. Jim kaɗan wani ɗan wasan Cubs ya saki ƙwallo mai sauƙi, Marlins ta zuba maki 8. Na ɗan wasan aka manta, bawan Allah kuwa sai da jami'an tsaro suka fitar da shi, ya shiga ɓuya. Ƙwallon ma an tarwatsa ta a bainar jama'a a 2004.

Gyara ya zo ne bayan iyalan Ricketts sun sayi ƙungiyar a 2009, suka ɗauko Theo Epstein a 2011 ya jagoranci harkokin wasanta, wanda ya kawo ƙarshen farin shekara 86 na Boston Red Sox a 2004. Ya rushe komai ya soma daga tushe. A 2012 suka sha kashi 101, kuma a tsarin wancan lokacin waɗanda suka zo baya su suke fara zaɓen matasa, ta haka suka samu Kris Bryant a 2013. Suka karɓo Anthony Rizzo daga San Diego, Jake Arrieta daga Baltimore, suka ba Jon Lester dala miliyan 155, suka naɗa Joe Maddon koci. A 2016 suka ci wasa 103.

Ko a nan sai da aka ji jiki. A World Series, inda wanda ya fara cin wasa huɗu yake ɗaukar kofi, abokiyar karawarsu Cleveland ta ci uku cikin wasa huɗu na farko, saura mata ɗaya. Cubs ta farfaɗo har aka kai wasa na bakwai ranar 2 ga Nuwamba. Suna gaba 6 da 3 a zango na takwas, Cleveland ta rage zuwa 6 da 4, sannan ɗan wasanta Rajai Davis ya maka wata da ta mayar da wasa 6 da 6. Kowa ya ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Bayan zango na tara ruwan sama ya tsayar da wasa na minti 17, Jason Heyward na Cubs ya tara abokansa a wani ɗaki ya yi musu magana. Suka fito, Ben Zobrist ya buɗe hanya, aka tashi Cubs ta ci 8 da 7. A kwanakin, mutane suka riƙa zuwa bangon Wrigley da alli suna rubuta sunayen iyaye da kakanni da suka mutu suna jira. A 2017 ƙungiyar ta aika wa ɗan kallon nan na 2003 zoben nasara, ko da yake ihu ne bayan hari.

Kowa ya zaci an buɗe ƙofa ke nan, amma har yau ba su sake kaiwa World Series ba. Epstein ya tafi a 2020. A ƙarshen Yulin 2021, cikin kwana biyu, aka sallami Rizzo zuwa Yankees, Bryant zuwa Giants, Javier Báez zuwa Mets. Maƙwabtana har gobe suna gardama a kai: wasu sun ce rowa ce, wasu sun ce lokacinsu ne ya wuce. Ni ina ɓangaren masu cewa rowa, musamman Rizzo.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Shikago