Rainon gawo a gonarmu ta jigawa a ƙasar Daura

Gonar da muka gada tana arewa da Daura, gefen hanyar da ta nufi Kwangwalam, kuma jigawa ce, rairayi zalla. Lokacin da ta dawo hannuna ta riga ta gaji. Gero yakan fito siriri, zangarniya gajera, ƙuduji kuma ya mamaye ɓangaren gabas. Wuri ɗaya ne bai taɓa ba mu kunya ba, wato gindin wani tsohon gawo da ke kusurwar yamma. A nan kara yakan yi kauri, ganye ya yi shar, ko da ruwa ya ɗauke mako biyu a tsakiyar damina geron wurin ne na ƙarshe da zai lanƙwashe. Wani rani muna sassabe na ce wa ƙanin mahaifiyata, "Kawu, me ya sa geron gindin itacen nan ya fi na ko'ina?" Ya ce, "Ɗan nan, ai gawo taki ne a tsaye. Da mahaifinku ya bar goma irinsa, da ba ka sayi buhun takin zamani ko ɗaya ba." Daga wannan magana na ɗaura niyyar cika gonar da gawo, kuma abin da na gani a cikin aikin nake so in rubuta wa masu gonar jigawa irin tawa.

Duk ɗan ƙauye ya san gawo daga nesa, amma ba kowa ya tsaya ya dube shi da kyau ba. Ƙananan rassansa farare ne fat-fat, suna tafiya a karkace, kuma a gindin kowane ganye akwai ƙaya biyu miƙaƙƙu, farare masu jan baki. Ganyensa ƙanana ne jere-jere irin na bagaruwa, sai dai korensa ya ɗan yi toka-toka. Idan ya samu wuri mai ruwa a ƙasa yakan kai tsawon mita 30. Masana tsirrai sun daɗe suna lissafa shi a cikin dangin bagaruwa da farar ƙaya da dakwara, da sunan Acacia albida, kafin a ware masa jinsi nasa shi kaɗai, Faidherbia albida. Dukansu dai 'yan gida ɗaya ne da wake da gyaɗa, shi ya sa 'ya'yansu ke zuwa a cikin kwanso.

Abin da ya raba shi da sauran itatuwan ƙasarmu shi ne lokacin ganyensa. Ruwan farko na sauka, kuka da tsamiya da aduwa suna murna suna toho, shi kuwa sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara har damina ta wuce. Da kaka ta yi, ruwa ya ɗauke, sai ya yi sabon ganye, ya fitar da fure fari mai ɗan rawaya, dogo-dogo, mai ƙamshi, ƙudan zuma su yi ta rububinsa a lokacin da sauran furanni suka ƙare. Cikin hunturu zuwa bazara 'ya'yan su nuna, su yi ja-ja ruwan lemo, a murɗe, su riƙa faɗowa. Mutanenmu na cewa gawo ba ya shan ruwan damina. Gaskiyar maganar ita ce saiwarsa ta tsakiya tana nutsawa ƙasa sosai har ta cimma ruwan da ke can ƙarƙashi, don haka bai dogara da danshin saman ƙasa da gero ke sha ba. Wannan ne ya sa suke zama gona ɗaya ba faɗa: lokacin da gero ke neman rana gawo ba shi da inuwa, lokacin da gawo ke neman ruwa gero yana rumbu.

Takin nasa ta hanya fiye da ɗaya yake zuwa. Ganyen da ya zubar yana faɗuwa ne daidai lokacin shuka, ruwa ya jiƙa shi ya ruɓe a gindin amfani. A saiwarsa kuma akwai 'yan ƙulle-ƙulle, irin waɗanda ake gani idan an tuge gyaɗa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna kama sinadarin naitirojin daga iska. Sannan akwai abin da na gani da idona kowace bazara: a duk faɗin filin shi kaɗai ke da inuwa, don haka shanu da tumaki da awaki a gindinsa suke yini, suna cin 'ya'yan da suka faɗo, suna kashi da fitsari a wurin. Binciken da aka yi a Bambey ta ƙasar Senegal tun shekarun 1960 ya nuna geron ƙarƙashin gawo yakan ninka na fili sau biyu ko fiye. Ni ban auna da sikeli ba, da dami nake lissafi, amma bambancin ba ya buƙatar a nuna wa mutum.

Na fara da iri. Na tara 'ya'ya na daka su a turmi, domin kwanson gawo ba ya fashewa da kansa kamar na wake. Da yawa daga ƙwayoyin za ka tarar ƙwari sun huda su, sai an tsince. Masu kyan kuma ɓawonsu tauri gare shi ƙwarai, in ka shuka su haka nan za su iya kwanciya a ƙasa ba su tsiro ba. Abin da malamin gona ya nuna mini shi ne a tafasa ruwa, a sauke, a zuba irin a ciki, a bar shi ya kwana. Wanda ya kumbura shi ake shukawa. Ana kuma iya ɗan kankare gefen ƙwayar da reza ko a goga ta a dutse. Ta wannan hanya tsiro ya yi kyau a leda. Matsalar tana wajen dashe. Gawo tun yana ɗan yatsa yake tura saiwa ƙasa, kafin ka ga ganye huɗu a sama saiwar ta kai gindin leda ta fara naɗewa ko ta huda ta shiga ƙasa. In ta naɗe itacen ba ya ƙara yin kirki, in ta tsinke wajen ɗagawa yakan mutu da rani na farko. Darbejiya da turare suna haƙuri da zaman leda, gawo ba ya yi. Wanda ya nace sai ya yi renon leda, to ya nemi doguwar leda, ya dasa da wuri, da zarar damina ta zauna. Shuka irin kai tsaye a ramin da zai zauna ya fi mini amfani, ko da yake ɓera da fara suna cin rabonsu.

Hanyar da ta fi duka ban koye ta a gandun renon itatuwa ba, a ƙetaren iyaka na gan ta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Matamaye ko Magarya a Jamhuriyar Nijar da rani ya san abin da nake nufi: gonakin gero ne, amma gawo ya rufe su har ido ba ya kaiwa ƙarshe, alhali ruwan samansu bai fi namu ba. Ƙasar Damagaram ta daɗe da girmama itacen nan, har ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya sa a ƙarni na 19 a kan wanda ya sare gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki da yawa sun koma fili fetal, sai manoma suka farfaɗo da su ta hanyar da suke kira sassaben zamani. A yankin Maraɗi wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa ta tun 1983. An ƙiyasta cewa ta haka aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kuma yawancinsu ba dasa su aka yi ba.

Da na dawo na zagaya gonata a ƙafa kafin sassabe, ina duba ƙasa. Sai ga gawo ko'ina. Waɗansu 'yan tsiro ne da suka fito daga kashin dabbobi, domin ƙwayar da ta bi ta cikin akuya ko saniya ɓawonta ya riga ya yi laushi. Waɗansu kuma tsofaffin kututture ne da ake sarewa kowace shekara ana ƙonawa tare da sabara da kalgo, su kuma suna sake tohowa, saboda saiwarsu na nan da rai, ta yi nisa a ƙasa. Irin waɗannan su ne dukiya. Kututturen da ya yi toho bakwai ko takwas, sai ka zaɓi ɗaya ko biyu mafi miƙewa da ƙarfi, ka sare sauran. Wanda ka bari ka rage masa rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsa, da wuƙa ko adda mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya ɗaye. Kada ka aske shi tas ka bar masa tukku kawai, iska za ta karya shi. Ka kafa sanda kusa da shi, ka ɗaura tsumma mai launi yadda mai huɗa zai gani. Tohon kututture a shekara ɗaya yakan wuce dashen leda na shekara uku, don shi ba saiwa yake nema ba, yana da ita.

Ban bar su a cunkushe ba. Na riƙa barin tazarar taki goma sha biyu zuwa sha biyar, na kuma yi ƙoƙarin su bi layin kunya saboda garmar shanu ta samu hanya. Wanda ke sa tarakta a gonarsa sai ya ƙara kula da wannan, domin direba ba zai tsaya yana kewaye ɗan tsiro ba.

Wahalar gaske ba ta itacen ba ce, ta mutane ce. 'Yan ƙwadago ba sa son gawo ƙarami, kuma ina ba su gaskiya: ƙayarsa tana shiga takalmin roba, mai noma a duƙe kuma tana kama masa riga da hannu. Mutum ya saba tun yana yaro cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, hannunsa da kansa yake kai fartanya kan duk wani toho. Sai da na riƙa zuwa da kaina ranar noman fari ina nuna musu ɗaya bayan ɗaya. Rassan da na yanke kuma ban bar su a warwatse ba, na kewaye 'yan ƙananan da su, ƙayar gawo ta zama shingen gawo. Wannan ya rage ɓarnar awaki da rani, lokacin da ake sakin dabbobi kuma babu wani kore a fili sai shi.

Sai batun makiyaya. Da bazara, in ciyawa ta ƙare, ganyen gawo da 'ya'yansa su ne ke riƙe dabba, masu kiwo sun fi kowa sanin haka. Matasansu sukan hau da gatari su datse rassa, wani lokaci su bar itacen gundul. Itacen da aka yi wa haka ba ya 'ya'ya a shekara mai zuwa, kuma lokacin ganyensa yakan rikice, ka gan shi da ganye a tsakiyar damina yana yi wa gero inuwa. Ban ga amfanin rigima ba, domin kashin shanunsu na daga cikin abin da nake nema. Na je wajen dattijon rugar da ke sauka kusa da mu, muka gaisa, na ce, "Baffa, alfarma na zo nema. Yara su kakkaɓe 'ya'ya da gora yadda suke so, shanu su kwana a gonar, amma a bar mini gatari a gida. In reshe ya isa yanka ni zan yanke in ba ku." Ya ce, "Malam, wanda ya zo da sallama ai ba a mayar da shi. Zan ja musu kunne." Mai unguwa ma na sanar da shi, don maganar ta samu shaida. Ba a daina ɓarna gaba ɗaya ba, baƙin da ke wucewa ba su san da wata yarjejeniya ba, amma ta ragu ƙwarai. A ganina duk wani shirin gwamnati na yaƙi da hamada, har da na Babbar Koriyar Ganuwa da jihar Katsina ke cikinsa, in bai zauna da manomi da makiyayi a kan wa ke da ikon sara da wa ke da ikon tsinta ba, rabon dashe kawai zai yi ta yi kowace damina.

Gawo yana son haƙuri. Shekarun farko za ka ga kamar ba ya motsi, aikinsa a ƙasa yake yi. Ƙarami kuma ba lalle ya zubar da ganye da damina kamar babba ba, sai ya girma yake kama halin gidansu. Wanda aka shuka daga iri sai ya kai wajen shekara bakwai kafin ya fara fure, takin da ake magana kuwa sai ya yi rassa masu faɗi ake ganinsa sosai. Don haka ban daina kai takin gida gona ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina. Abin da na lura shi ne wuraren da ke buƙatar takin suna raguwa, iskar farkon damina da ke binne shuka da rairayi ta yi sauƙi a inda itatuwan suka tasa, ga itacen girki daga rassan da nake ragewa. 'Ya'yan kuma yara na tsinta a buhu, mu ajiye wa ragunan da muke kiwatawa don babbar salla, a haɗa musu da dusa da harawa. Katakonsa dai ba na gini ba ne, laushi gare shi kuma ƙwari na cinsa, mai neman azara ko turmi mai ƙarko ya nemi wani itacen. Masu maganin gargajiya suna jiƙa ɓawonsa don tari da gudawa, sai dai na hana a ɗaye nawa zagaye, domin itacen da aka kewaye wa ɓawo mutuwa yake yi a tsaye.

Abin da nake fama da shi yanzu kauci ne. Tsuntsaye ke kawo irinsa su manna a reshe, ya tsiro ya riƙa shan ruwan itacen, kuma ya fi kama manya. Da damina ake gane shi da sauƙi, don gawo ba ganye, duk wani kore da ka hango a sama to shi ne. Cire ganyensa kawai ba ya magani, sai an yanke reshen daga ƙasa da inda ya kama. Tsohon gawon kusurwar yamma ya fi kowanne kamuwa, ga tsawo ga ƙaya, sai na nemi mai hawa da ya san aikin, muka ajiye magana za a yi bayan an cire amfani, kafin sabon ganye ya rufe rassan.