Tarwadar da na gani a magudanan Bakolori

Motarmu ta bar tashar Gusau da sassafe, muka bi ta Bungudu da Maru, direba yana ta nanata cewa a wannan hanyar ba a yin dare. Daga Talata Mafara na hau babur zuwa filayen noman rani na Bakolori, dam ɗin da aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato.

Shinkafa na je gani, sai kifi ya ɗauke mini hankali. A wata ƙaramar magudanar siminti mai tsattsage, ruwa bai kai gwiwa ba, yara sun datse da laka suna kwalfewa da ƙwarya. Da ruwan ya ja baya sai ga tarwada tana mutsu-mutsu cikin taɓo, ga 'yan karfasa kamar yatsa. Wani dattijo yana zaune yana ɗinke komarsa, na ce, "Baba, wa ya zuba kifi a nan?" Ya yi dariya. "Ɗana, ruwa ya kawo su. In aka buɗe ƙofa can sama, ba ya tambayar kowa takarda."

Gaskiyarsa. Ƙwai da 'ya'yan kifi suna wuce ragar ƙarfe ba tare da an gan su ba. Tarwada kuwa tana shaƙar iska, tana jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ta zaɓen abinci, har 'ya'yan wasu kifaye. A nan ba laifi, gidanta ne, daga gulbi ɗaya ta fito ta koma. Inda ake shan wuya shi ne in an haɗa koguna biyu da Allah ya raba. A Afirka ta Kudu an buɗe wani rami a 1975, mai tsawon kusan kilomita 83, domin kai ruwan kogin Orenj zuwa kogin Great Fish. Wannan tarwadar tamu ta bi ramin ta zauna inda a da babu ita, kifayen asalin wurin suka shiga uku. Mashigin Suwez ma tun 1869 yake shigar da kifayen Bahar Maliya cikin Bahar Rum, ciki har da wani dangin talibambam mai guba da ke yayyaga tarun masunta, har gwamnatin Turkiyya ta riƙa biyan lada ga wanda ya kamo shi.

Shi ya sa maganar da ake yi ta janyo ruwan kogin Kwango zuwa Tafkin Chadi ba ta kwanta mini ba gaba ɗaya. Ana lissafin ruwa da kuɗi, ban cika jin ana lissafin abin da zai biyo ruwan ba.

Yaran suka sayar mini da tarwada uku a tsire da kara. Mai babur ya ce sai dai in riƙe a hannu, kada ƙarni ya kama masa kujera, haka muka koma Mafara kafin la'asar.