Kafin Mu Yi Nutso a Zanzibar, Asibiti Na Fara Nema

Mu da muka tashi a ƙauyukan fadamar Haɗeja, ruwa ba baƙonmu ba ne. Yaro kafin ya sauke allonsa na farko ya iya iyo, kuma cikin masuntanmu akwai masu nitsewa su zaro kifi da hannu daga rami. Sai dai duk wannan nutson riƙe numfashi ne, ka shiga da iskar ƙirjinka, ka fito kafin ta ƙare. Nutso da tukunyar iska a baya wani abu ne daban, haɗarinsa ma daban. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, don haka da ƙanena mai karatu a Tanzaniya ya matsa in zo mu je Zanzibar mu koya, ban fara da kallon hotunan otal ba. Tambayar da nake yi wa kaina duk daren da aka kawo mini mai naƙuda ita na fara yi: in abin ya fi ƙarfina ina zan tura, kuma awa nawa ne a hanya?

Ga inda haɗarin yake. Duk mita 10 da mutum ya yi ƙasa a cikin teku, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin wanda ke kanmu a tudu. Iskar da ke cikin tukunyar irin wadda muke shaƙa ce, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne. A ƙarƙashin wannan matsi naitirojin yana narkewa cikin jini da nama, mutum bai ji komai ba. In ya taso a hankali, zai fice ta numfashi. In ya taso da gaggawa, sai ya zama kumfa a cikin jiki, kamar kwalbar lemo da aka ɓalle wa murfi lokaci guda. Kumfar nan tana iya tsayawa a gaɓa, ko a laka, ko a ƙwaƙwalwa; wannan shi ne ciwon nutso. Taimakon farko tsantsar iskar oksijin ce. Maganin gaske kuwa shi ne a sa mutum a wani ɗaki na ƙarfe mai matsin iska, a mayar da jikinsa kamar yana ƙarƙashin ruwa, sannan a riƙa sassautawa a hankali. Ba kowane asibiti ke da wannan ɗakin ba, ko da babba ne.

Tun a gida na cike takardar tambayoyin lafiya da makarantun nutso suke bayarwa, na kai wa likita ya duba ni. Ana tambayar asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon kunne. Abin da na fi so 'yan uwana su riƙe shi ne sikila. Cuta ce da ta yi yawa a cikinmu, kuma mai ita ba a ba shi shawarar wannan nutso ko kaɗan. Wanda ke ɗauke da AS shi ma ya zauna da likita tukuna. Na sa ƙanena ya turo mini hoton sakamakon gwajin jininsa, ban yarda da “ai na sani, Yaya” ba. Na sabunta katin rigakafin cutar shawara, domin ana neman sa ga wanda ya fito daga Najeriya. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ma sai da na zaɓa: ana guje wa mefloquine ga masu nutso, saboda jiri da ruɗewar da yake iya jawowa suna kama da alamun ciwon nutson. Kuma na ɗaga tafiyar zuwa bayan azumi, don ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake zargi da ƙara haɗarin.

Inna ta kira ni ɗakinta ana gobe zan tafi. “Ɗan nan, tekun nan fa ba kogin bayan gari ba ne. Ka riƙe mini ƙaninka.” Na ce, “In Allah ya yarda, Inna.” Daga Kano na bi ta Addis Ababa na sauka Unguja, babban tsibirin Zanzibar.

Maganar masauki ce ta fi ɗaukar mini lokaci. Tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, yana da masaukai masu sauƙin kuɗi, ga masallatai ko'ina, ga babban asibitin gwamnati na Mnazi Mmoja kusa. Amma wuraren nutson da ake yabo, irin kewayen tsibirin Mnemba, suna can arewa maso gabas. Daga garin zuwa Nungwi a ƙarshen arewa kusan kilomita 60 ne. Gaɓar gabas kuma teku yana janyewa da nisa idan ruwa ya yi ƙasa, har lokacin tashin jirgin ruwa ya dogara da dawowarsa, abin da bai cika damun Nungwi da Kendwa ba. Ƙanena tsibirin Pemba ya so, saboda an ce masa murjaninta ya fi kyau. Na ƙi. Ruwan Pemba yana da ja mai ƙarfi, mu kuwa 'yan koyo ne da ba za mu wuce mita 18 ba, kuma in wani abu ya faru a can sai an ƙara ƙetare teku.

Duk masaukin da ya yi mini, saƙo nake tura musu ta WhatsApp. Kuna da direban da za a iya tasa da tsakar dare? Wane asibiti ne mafi kusa, kuma akwai likita da dare ko sai safe? In an ɗauke wuta akwai janareta? Wani wuri mai kyan gaske, ɗakunansa a bakin ruwa, can ƙarshen wata hanyar ƙasa, amsar da suka ba ni ita ce in kwantar da hankalina, babu abin da zai faru. Na bar su nan take. Na sha jin wannan kalma daga bakin mazan da suka ƙi tanadin mota tun matansu na wata takwas. Ƙarshe muka kama ɗaki a wani ƙaramin gidan baƙi a cikin ƙauyen Nungwi, babu kallon teku ta taga, amma akwai gidan sauro, titi na ƙofar gida, ana jin kiran salla, kuma da ƙafa muke zuwa makarantar nutso. Mai gidan ya rubuta mini lambar direbansa a takarda tun ranar da muka sauka.

Ita ma makarantar na yi mata tambayoyi. Malamin da ya koyar da mu bai ji haushi ba. Ya gaya mini inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake da tsawon tafiyar, na ce ya kira a gabana a tabbatar yana aiki a wannan makon, ya kira. A cikin jirgi ya ɗaga wani akwati daga ƙarƙashin benci, ya buɗe, na ga tukunyar oksijin da takunkuminta a cikin leda. Na murɗa bakinta da hannuna, allurar ma'aunin ta haura ta tsaya a cike. Sai a lokacin na sa kayan nutso.

Game da kuɗi, tun watan Oktoba na 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshora ta dala 44. Na biya, amma na ƙara da inshorar da aka yi musamman don masu nutso, irin ta ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Amurka a 1980, mai layin waya na gaggawa dare da rana. Zaman ɗakin matsin iska da ɗaukar mutum a jirgi ba kuɗin da adashi zai biya ba ne.

Ƙarƙashin ruwan kuwa, Allah mai iko. Kunkurun teku ya wuce ta gabana yana kaɗa hannuwa ba gaggawa, kifaye masu launin da ban taɓa gani a kan atamfa ba. Duk fitowa muna tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin mu ƙarasa sama.

Wani dare bayan isha ƙanena ya ce, “Yaya, kafaɗata na ciwo, jikina duk ya mutu. Ina ga zazzaɓi ne, bari in nemi kemis.” Nan ne al'adarmu take iya kashe mutum. Duk ciwon gaɓoɓi da kasala mu cizon sauro muke ɗora wa, a sha magani a kwanta. Alhali ciwon gaɓa, gajiya mai tsanani, rashin jin taɓi a fata ko jin kamar tururuwa na bin hannu, su ne alamun ciwon nutso, kuma yawanci cikin sa'o'in farko bayan fitowa suke bayyana. Na zaunar da shi, na sa ya matse yatsuna da hannayensa biyu in ji ko ƙarfin ɗaya ne, na taɓa fatarsa dama da hagu, na sa ya yi tafiya idonsa a rufe. Na kira malamin, na kira layin gaggawa, aka ce a kai shi likita ya gani. Direban ya iso kafin in gama sa takalmi. Likita ya duba shi tsaf, ya ce tsoka ce ta gurɗe wajen ɗaga tukunya, ya hana shi ruwa washegari. Ko da abin ya zo da sauƙi, da a wancan masaukin na ƙarshen hanyar ƙasa muke, da har lokacin muna neman mota.

Komawa gida ma da ƙa'idarta. Matsin iska a cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, don haka ana jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa ko an jera kwanaki ana yi. Na shirya tikitina yadda zan wuce haka, muka koma Stone Town muka yi kwanan ƙarshe kusa da filin jirgi. Na rubuta ranar nutsona na ƙarshe da zurfinsa da lambar gaggawa a kati, na sa cikin fasfo, domin in wani abu ya taso mini a Kano ko a hanyar Haɗeja, likitan da zai karɓe ni ba zai taɓa kawo teku a ransa ba sai an gaya masa.