Igala mai shan rana

Samarin yanzu ba su san Igala ba. Kamfanin Volkswagen na Legas, wanda ya fara haɗa Bosuwaja a 1975, ya riƙa haɗa wata 'yar'uwarta da aka tsara a Brazil, can ana ce mata Brasilia, nan aka raɗa mata Igala. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwanta da lagireto. Fijo 504 ta Kaduna ce ta danne ta a Arewa har aka manta da ita.

Tawa na samo ta ne a bayan gidan wani dattijo a wajen Wudil, kaji sun mayar da ita akurki. Mutumin ya yi shekaru yana gyaran wuta a wata masana'anta a Bompai. Da masana'antar ta durƙushe, sai ya sayi injin lantarkin motar ɗaga kayansu a kuɗin gwangwan, ya cire na fetur daga Igalarsa, ya sa aka yanka masa faifan ƙarfe mai kauri ya haɗa sabon da giya. Ƙusoshi huɗu ne dama ke riƙe injin Bosuwaja, shi ya sa dabarar ta yiwu. Ya ɗan more ta, batura suka mutu, kuɗi suka yanke, aka jingine.

Ni kuwa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake lissafi. Ina da faifan sola huɗu masu wat 550 da nake ban-ruwa da su a fadama, kuma ba kullum ake ban-ruwa ba. Tafiyata ba ta wuce daga ƙauyenmu da ke ƙasar Gaya zuwa kasuwar Juma'a ta Wudil, sai asibiti, sai zumunci.

Na ce, "Baba, tana tashi kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, injin nan zai binne ni, ya binne ka. Baturan dai kada ka sa su a lissafi."

Gaskiya ya faɗa. Batura shida ne masu bolt 12, an jera su sun ba da 72, kowanne ya kusa kilo 60. Batirin dalma idan aka bar shi ba caji na tsawon lokaci, wani farin gishiri ke kama farantansa ya daskare, ba ruwan batir ko dabarar mai caji da za ta dawo da shi yadda yake. Masu cewa za su "farfaɗo" maka da shi, kuɗinka kawai suke farfaɗowa da shi. Na sayar wa 'yan gwangwan.

Injin kuwa da muka buɗe, ƙura ce da gidan zanzaro. Mai rewaya ya goge tagullar, ya sa sababbin gawayi, muka taɓa masa batir ɗaya, taya a ɗage, ya juya. Inda aiki ya ci rai shi ne jikin motar: tsatsa ta cinye ƙasan kujeru, robobin birki sun narke, tayoyi sun tsage. Kayan ƙafa da sauƙi, yawancinsu na Bosuwaja ne, ana tono su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano idan mutum ya iya haƙuri da tambaya. Gilashi da fitilun baya fa, nata daban ne. Gilashin gefe ɗaya har yau roba ce mai kauri da aka yanka mini.

Maganar batir ita ce maganar motar gaba ɗaya. Na zaɓi litiyam irin wanda masu sola ke sawa yanzu, ƙwaya 24 masu bolt 3.2 da amfiya-awa 100. Jimilla wajen kilowat-awa 7 da rabi ke nan, nauyinsu kuma bai kai na tsofaffin batura biyu ba. Sai da motar ta ɗago baya da aka sauke mata wancan kaya. Litiyam ba ya zama ba mai gadi, wato ɗan allon da ke lura da kowace ƙwaya, ya yanke wuta idan ta cika ko ta yi ƙasa. Na kuma sa fiyus babba da makunnin da hannu ke kaiwa daga kujerar direba, don irin wannan wutar idan wayoyi suka haɗu, narka sifana take yi. Inbatar gida bolt 48 take sani, ba ta cajin wannan jeri kai tsaye, sai da na nemo caja irin ta babura masu lantarki na jona mata.

Caji ɗaya yana kai ni wajen kilomita 45 a kwalta, idan ban wuce gudun 50 ba. A yashi ko da buhunan gero a baya, lissafin ya sauka sosai. Da giya ta biyu nake tashi, ta uku nake tafiya, kuloci sai jefi-jefi. Rana mai kyau guda tana cika ta. Da hunturu, hazo da ƙurar da ke kwanciya a kan faifan suna rage wutar, sai an bi su da tsumma kowace safiya. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a ƙarƙashin rumfa nake cajin, murfi a buɗe, domin zafi na rage wa batir kwana.

Duk majalisar da na tsaya sai wani ya ba ni shawarar in ɗaura janareta a taya, ta riƙa cajin kanta tana tafiya. Na gaji da bayanin cewa wutar da za ta juya janaretar daga batirin za ta fito, kuma abin da zai dawo bai kai wanda ya fita ba. Yanzu cewa nake, "Allah Ya saka da alheri, Malam."

Ba ta da ƙara, don haka awaki da yara ba sa jin zuwanta, hon ya zama dole a kowane lungu. Abin da ya rage mini kafin damina shi ne injin: a buɗe yake don shan iska, yana kuma kusa da ƙasa, ga kwazazzabo a hanyarmu da ke cika da ruwa a watan Agusta. Mai walda ya auna wurin, muna kan gardamar ko garkuwar za ta zama ta langalanga ko ta roba.