Da Aka Ce Sai An Yi Mini Aiki A Wuya

A gidanmu na cikin birnin Zariya, wajen Kwarbai, akwai maganar da ba a musu a kanta: ciwon daji ba ya son ƙarfe. Kada allura, kada wuƙa, da an taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Da ita na tashi, da ita kuma aka tare ni lokacin da gwaji ya nuna ƙullin da ke gaban wuyana ya wuce maƙoƙon da muka sani.

Ƙullin ba ya ciwo, ba ya hana ni ci ko barci, sai dai in na haɗiyi yawu ya hau ya sauka. Hijabi kuwa ya daɗe yana rufa masa asiri. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika aka ɗebi jinina, aka ce lafiya lau. Ashe yawancin masu irin wannan dajin haka jininsu yake fita, don haka kada awon jini ya kwantar wa kowa da hankali. Sai hoton wuya, sai wata siririyar allura da aka zuƙo ɗan abin da ke cikin ƙullin da ita. Likita ya zana mini tayirod, wato abin da ƙullin ya fito a jikinsa, a bayan kati: ɓangare biyu ne rungume da maƙogwaro, kuma ita ke fitar da sinadarin da ke tsara bugun zuciya, ɗumin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Ya ce nawa shi ne wanda suke kira papilari, kusan takwas cikin goma na dajin wannan wuri shi ne, ya fi kama mata ninki uku a kan maza, kuma tafiyarsa a hankali take. Fiye da tara cikin goma na masu shi suna nan da ransu bayan shekara goma. Maganinsa na farko tiyata.

Nan aka fara zarya a gidanmu. Gwaggo ta zo tun da hantsi, ko mayafi ba ta sauke ba ta ce, “Ke 'yar nan, wuya fa! Nan fa ake yanka. Ba ki ga yadda aka yi da matar nan ta bayan masallaci ba? Ana cire mata nono ba ta yi wata uku ba.”

Na san matar, Allah Ya jiƙan ta. Na kuma san ta shekara da shekaru tana shafe-shafe da turare kafin a kai ta asibiti, lokacin ciwon ya riga ya fashe. Haka abin yake faruwa kullum: mai magani ya cinye lokacin da ake da shi, likita ya karɓi saura, in an mutu a ce wuƙa ce. Ban faɗa wa Gwaggo haka ba, ba a yi wa babba irin wannan amsa. Na ce to. Washegari aka aiko mini da wani ƙulli a leda da za a kwaɓa da man shanu, wani kuma ya ce wanzami ya yi tsaga a wurin. Zamzam da tofi na karɓa hannu biyu, har gobe ina sha. Abin shafawa da tsaga kuwa, mijina Malam ya tsaya mini. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce, “Ki yi istihara, ni ma zan yi. In zuciyarki ta kwanta da aikin, ki bar ni da mutanen gida.” Kuma da gaske shi ya je ya durƙusa gaban Inna ya yi mata bayani, ba ni ba. Duk macen da za ta shiga irin wannan, ta nemi wanda zai ɗauke mata wannan yaƙin, domin mara lafiya ba ta iya haɗa tsoro da lallashin dangi.

Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Malamar firamare ce ni, da yamma kuma ina biya wa matan aure karatu a Islamiyya. Da murya nake ci. A bayan tayirod, dama da hagu, akwai jijiyar da ke motsa tantanin murya, kuma dole likita ya bi ta gefenta. In ta bugu murya ta dushe. Yawanci tana dawowa, a 'yan kaɗan ba ta dawowa. Kafin aiki an tura ni wurin likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, suka zura wani siririn madubi suka ga tantanin biyu suna motsi, don a san yadda suke tun farko. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyi huɗu maƙale a bayanta, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, su ke riƙe da kalsiyam na jini. Su ma ana tsoron a taɓa su.

Mu dai an san mu da kunyar likita. Ya yi magana mu ce to, mu fito mu tambayi wanda ke kusa da mu a benci me ya ce. Na rubuta tambayoyina a takarda da Hausa, na karanto su ɗaya bayan ɗaya. Duka za a cire ko rabi? Ya ce duka, saboda ɗaya ɓangaren ma akwai ƙananan ƙulli. Za a taɓa kaluluwar wuya? Sai in an ga alama. Wa zai riƙe wuƙar, kuma ya saba yin wannan aikin? Wannan ta ƙarshe da kyar ta fita daga bakina, ina jin kamar rashin kunya na yi. Sai ya yi dariya ya ce, “Malama, ai ita ce ta fi kowace muhimmanci.”

Kuɗi an haɗa, kwasar adashi da 'yan kunnena na zinariya. Ƙannena suka ba da jini a ajiye, ko da yake ba a kai ga buƙatarsa ba. Takardar amincewa ni na sa hannu da kaina bayan an karanta mini. Daren aikin aka hana ni ci da sha daga tsakar dare, na bi mutane a waya ina neman yafiya, na faɗa wa Malam bashin da ake bi na da wanda nake bi. Ya rubuta bai ce uffan ba.

Na aikin kansa ba ni da labari. An sa mini abu a hanci, aka ce in ja numfashi, sai na ji wata tana cewa, “Malama, faɗi sunanki.” Na faɗa. Ya fita a shaƙe, amma ya fita. Zafin da na fi ji ba na yankan ba ne, na cikin maƙoshi ne inda aka zura bututun numfashi, da kuma ƙeya, saboda a ɗage ake kwantar da kai. Wata 'yar roba tana fitar da jini daga gefen ɗinkin. Daren farko nas-nas suna ta leƙa wuyana, domin in jini ya taru a ciki yana iya danne maƙogwaro, kuma wannan ba ya jiran safiya. Mai jinya ta sani: wuya ya kumbura ko numfashi ya yi nauyi, a kira nas nan take, ba sai an gama shawara da gida ba.

Washegari leɓena da yatsuna suka fara tsikari, hannu yana neman ƙagewa. Da ba a gargaɗe ni ba, na san sunan da za a ba shi a gida da wanda za a kira ya yi ruƙiyya. Kalsiyam ne ya sauka. Aka ba ni ƙwayarsa, na sha na wasu makonni, ƙananan ƙwayoyin nan suka farfaɗo. Kunu da koko na fara da su, salla a zaune, kuma a hanyar dawowa daga Shika ta Samaru da Kwangila hannuna biyu na tallafe da wuya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne 'yan dubiya. Kowa “Ya jiki?”, kowa sai an ce masa “Da sauƙi”, a sake gaisawa, a ba da labari tun daga farko. Kafin la'asar murya ta tafi. Sai Inna ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki tana amsawa a madadina, ni ina ɗaga hannu. Maganar yau da kullum ta dawo da wuri, amma tsawata wa 'yan aji da jan madda a karatu sun ɗauki watanni. Sai in tashi ɗaga murya ta karye a tsakiya. Na sayi 'yar lasifika ta ɗaurawa a ƙugu, yara suka yi ta dariya, har yau ban ajiye ta ba.

An kai abin da aka cire ɗakin gwaji, sakamako ya nuna ƙarami ne kuma bai fita daga inda yake ba, don haka ba a tura ni shan aidin mai sinadarin nukiliya ba, wanda ake ba wasu bayan aiki don ƙone abin da ya saura. Masu buƙatarsa sai sun yi tafiya, irin su Ibadan, kuma dole a yaye goyo a jinkirta ciki.

Saura ƙwaya. Wanda aka cire wa tayirod duka zai sha levothyroxine kullum har iyakar rai, don ita ke yin aikin abin da aka cire, kuma a dajin nan tana hana ragowarsa samun abin da zai motsa shi. Tana da sharuɗɗa: ciki ba komai, da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa kafin karin kumallo. Kalsiyam da maganin ƙarin jini sai bayan awa huɗu. Awara ma, da duk abin waken suya, tana hana ta shiga jiki sosai, ni da nake karyawa da ita. Duk sauyin adadi sai an sake awon jini bayan mako shida zuwa takwas. In ta yi yawa zuciya ta riƙa bugu, zufa da rashin barci, in ta yi kaɗan sanyi da kasala da mantuwa. A wuri guda nake sayenta, kuma ba na barinta a taga ko kusa da murhu, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Gwaggo takan tambaye ni, “Wai har yanzu ba ki gama shan maganin nan ba?” In ce saura, Gwaggo. Da azumi ya matso na koma wurin likita, ya ce ba abin da zai hana ni yi. Ina tashi kafin kowa in sha, in ɗora sahur, kafin ya nuna lokacin jira ya cika. Bayan salla kuma akwai awon jini da hoton wuya, an riga an rubuta mini ranar a kati.