Daga Agege Zuwa Abuja a Motar Lantarki

Tun kafin mu ɗaga daga Agege tafiyar ta riga ta kasu zango huɗu a takarda: Legas zuwa Badun kusan kilomita 130, Badun zuwa Akure kusan 200, Akure zuwa Lakwaja kusan 250, sai Lakwaja zuwa Abuja wajen 200. Motar Hyundai Kona ce, irin wadda aka fara haɗawa a nan Legas a 2020. Batirinta na ɗaukar yunit 64, yunit ɗin nan dai da muke saya a mitar gida. Kamfani ya ce cika ɗaya na kai ta fiye da kilomita 450, amma kada mai hawa babban titi ya yi lissafi da wannan. Da esi a kunne, mutum uku a ciki, kaya a but, gudu 100, tana shan yunit 17 a kowane kilomita 100. Ka ware kashi 20 cikin ɗari na ajiya saboda karkata hanya ko rufe titi, abin da ya rage maka bai wuce kilomita 300 ba.

A Legas mun saba da wuraren caji a ɓangaren tsibiri, har jami'ar Legas da ke Akoka hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa wa mai aiki da hasken rana a 2021. Da zarar ka wuce Berger, bakin fita daga Legas, sai ka ajiye wannan sabon. Abin da manhajar waya ta nuna ba ya isa hujja. Kowane zango sai da muka kira mutum, muka yi masa tambaya uku: layinku zai ɗauki amfiya 32? Akwai wayar ƙasa? In an ɗauke wuta, janaretanku nawa ne ƙarfinsa? Idan wurin caji ne na haya, a turo maka hoton kan filogin ta WhatsApp, domin Kona bakin CCS2 gare ta, yawancin motocin da aka shigo da su kai tsaye daga Sin bakin GB/T ne, 'yan kwatano na Amurka kuma nasu daban.

A but mun ɗauki na'urar caji ta tafi-da-gidanka da ake saita ta a amfiya 10, 16 ko 32, da shuɗin soket na amfiya 32, da waya mai kaurin milimita 6, da bireka mai amfiya 40, da ma'aunin wuta. Soket ɗin bango na ɗaki yunit 2 da ɗan ɗori yake bayarwa a awa, batir wayam sai ya kwana ya wuni bai cika ba. Layin amfiya 32 yana ba da wajen yunit 7 a awa, dare ɗaya ya wadatar. Wayar ƙari ta kasuwa kuwa kada ma a gwada, narkewa take yi.

Abin mamaki na farko a doguwar gadar Kara ya same mu. Cunkoso ya riƙe mu kusan awa guda, masu shanu suna ratsawa tsakanin motoci, amma batir kashi 2 kawai ya sauka, domin a tsaye esi ne kaɗai ke ci. Gudu shi ne mai cinye wuta. Bayan Shagamu da titi ya buɗe muka taka 120, nan take kiyasin kilomitan da suka rage ya fara zubewa, muka koma 95.

Mun shiga unguwar Sabo ta Badun da kashi 65. Wanda ya karɓe mu wani dattijo ne mai injin niƙa, abokin cinikin goro ya haɗa mu da shi. Mai gyaran wutarsa ya ja layi daga babban allo, muka jona, na'urar ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Layin ba shi da wayar ƙasa, ita kuma ba ta sakin wuta sai ta tabbatar da ita, don kada jikin mota ya ja mutum. Yaron ya kawo sandar tagulla ya kafa a bayan shago, ya zuba gawayi da gishiri da ruwa, ya ɗaure waya, fitila ta koma koriya. Ma'auni ya nuna bolt 205 maimakon 230, saboda haka cajin ya ɗan ja baya, amma cikin awa biyu mun kai kashi 84. Kafin nan an shimfiɗa mana tabarma, an kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Da na zaro kuɗi na ce, "Baba, ga na wuta," sai ya ture hannuna ya ce, "Ɗana, mayar aljihu. Baƙo ba ya biyan wuta a gidan nan." Mai gyaran kaɗai ya yarda muka sallama. A Oshodi ko tsayuwar minti biyar ka yi a bakin titi sai wani ya ƙwanƙwasa maka gilashi yana neman kuɗin wuri.

Bayan Ilesha, a wani shingen bincike, jami'i ya tsayar da mu da tsawa, ko amsa gaisuwa bai yi ba. Ya leƙa baya bai ga salansa ba, ya ce a buɗe bonet, ya dage sai mun nuna masa lambar inji. Na ce, "Yallaɓai, ga lambar shasi a gindin gilashin gaba, ga ta a takarda." Ya kai hannu zai ja wata waya mai ruwan lemo, dole na ɗaga murya, domin waɗannan wayoyi suna ɗauke da wutar batir, sama da bolt 300. Haushin haka ya sa ya riƙe takardunmu rabin awa a rana. Mai irin wannan mota ya ajiye takardu a kusa, kuma ya tsaya a gefen bonet duk lokacin da aka buɗe shi.

A Akure muka kwana, a nan kuma aka yi ciniki. Mun isa da kashi 31, muna bukatar yunit 50 idan an haɗa da wanda ke salwanta wajen caji. Manajan otal ya ce naira dubu 60, fiye da kuɗin ɗaki. Wannan zalunci ne, kuma na gaya masa. Ko a farashin wutar rukunin A, mafi tsada, da aka ɗaga zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, yunit 50 bai kai dubu 12 ba. Hujjarsa janareta, kuma tana da ƙamshin gaskiya, tunda litar gas wajen yunit 3 take haifarwa. Muka ɗauki hoton mita kafin jonawa, muka shirya a kan dubu 25. A gama magana kafin a sa filogi, in ba haka ba da safe farashi a hannun mai gida yake. Wani abu kuma: idan an ɗauke wuta aka juya zuwa janareta, ba kowace na'ura ke ci gaba da kanta ba, sai an tashi tsakar dare an duba. Janaretan da bai kai kVA 10 ba kada a ɗora masa amfiya 32, a sauke zuwa 16.

Duk da haka kuɗin bai kama ƙafar na fetur ba. Mota mai shan lita 10 a kilomita 100 za ta ƙone fiye da lita 75 a wannan hanya, kowa kuma ya san inda lita ta kai tun cire tallafi a Mayun 2023. Abin da mai motar lantarki ke biya da shi lokaci ne.

Gangaren tsaunukan Okene ya mayar mana da ɗan caji ta hanyar birki. Lakwaja mun same ta da zafinta, kashi 34, muka jona awa huɗu a wani ɗakin sanyaya kifi, motar a inuwa don kada sanyaya batir ya cinye abin da ke shiga. Muka haye Neja ta gadar Jamata, muka wuce Abaji da Gwagwalada, muka shiga Abuja bayan isha'i da kashi 21.