Godiya ga Zagezagin da suka buɗe wa baƙinmu ƙofa

Assalamu alaikum. A madadin kwamitin da ya zagaya da baƙi cikin Zariya ranar Larabar da ta gabata, muna miƙa godiyarmu ga duk wanda ya sa hannu. Baƙin nan 34 ne, sun zo taro a Jami'ar Ahmadu Bello daga jihohi daban-daban har da Nijar, kuma yawancinsu ranar ce farkon da suka taka ƙasar Zazzau. An fita lafiya, an dawo lafiya, alhamdu lillahi. Za mu faɗi abin da kowa ya yi dalla-dalla, don a san wanda ake gode wa, don kuma wanda zai ɗauki irin wannan nauyi nan gaba ya samu abin kamawa.

Direbobinmu biyu su ne farko. Su suka ba da shawarar a fara da Birni a ƙare da Samaru, duk da cewa a Samaru baƙin suka kwana. Dalilinsu mai ƙarfi ne: daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ya haura kilomita 10, kuma sai an ratsa Kwangila da PZ da Tudun Wada. Wanda ya bari hantsi ya dubi ludayi, cunkoson Keke Napep da 'yan acaɓa zai cinye masa awa guda a hanya. Ƙarfe 7:30 aka tashi, kafin 8:15 an shiga ganuwa. Su ne kuma suka hana a ɗauko doguwar mota guda, aka ɗauki ƙananan bas biyu. Lungunan Birni ba a yi su don doguwar mota ba. Ko ƙananan ma a ƙofar fada aka ajiye su, sauran zagayen da ƙafa aka yi.

Muna godiya ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, da ma'aikatan fada da suka karɓi takardarmu. Mako biyu kafin ranar muka kai ta, da adadin mutane da lokacin zuwa a rubuce, kuma haka ya kamata a riƙa yi, domin fada ba wurin da ake faɗawa da ayari ba sanarwa ba ne. Dogarai sun yi haƙuri da mu ƙwarai. Tun a waje suka nuna wa baƙi inda ake tuɓe takalmi, yadda ake durƙusawa, yadda maza ke jinjina, da inda aka yarda a ɗauki hoto da inda ba a yarda ba. Wata baƙuwa ta taho ba mayafi, nan take wata uwa da ke sayar da goro a gefe ta ciro nata na ajiya ta miƙa mata, ta ce, “Riƙe 'yata, in kin fito kya kawo.” Inna, Allah ya suturta ki duniya da lahira.

Dattijon da ya yi wa baƙi bayanin sarauta a gaban ƙofar fada mai zanen launuka, Baba, mun gode. Cikin minti 20 ya warware musu gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ya faɗi yadda Malam Musa ya zo da tutar Shehu, Sarki Makau ya fita ya yi kudu, har zuriyar gidansu ta kafa masarautar da ake kira Suleja a yau. Ya kawo su har kan marigayi Sarki Shehu Idris da ya yi mulki daga 1975 zuwa 2020. Da aka tambaye shi labarin Sarauniya Amina, ya rarrabe abin da aka gada daga bakin kakanni da abin da ke rubuce, bai cakuɗa su ba. Irin wannan gaskiya ita muke so baƙo ya tafi da ita.

Inda muka fi daɗewa, kuma bai zama asara ba, shi ne wurin magina. Sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, shi ya ja baƙi da yawa zuwa wannan fita. Mun tsaya an yi addu'a ga bayin Allah da suka rasu lokacin da wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar a watan Agustan 2023, Allah ya jiƙansu. Daga nan wani magini da ya gaji sana'ar ya shigar da mu wani tsohon zaure, ya sa kowa ya ɗaga kai.

Abin da ya nuna ya cancanci a rubuta. Tubalin Hausa ba mai kusurwa ba ne, da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya a rana ya bushe sarai, sannan a jera shi a tsaye ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango a ƙasa yake da kauri, yana hawa yana raguwa. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, saboda gara ba ta cika cin ta ba. Azara guda ba ta iya ƙetare babban ɗaki, don haka ake fito da ita daga bango kaɗan-kaɗan, a ɗora wata a kan wata a ɗaure da igiya, daga wannan gefe da wancan, har su haɗu a tsakiya, a lulluɓe da ƙasa. Bakan gizo ke nan. Ya ɗauko ɓawon ɗorawa ya miƙa aka zagaya da shi hannu-hannu, ya ce daga nan ake samun makuba da ake shafe bango don ruwa ya zame.

Da wani baƙo ya tambaye shi me ke kayar da ginin ƙasa, ya ce abu biyu ne suka fi yawa. Na farko toshewar indararo: ganye da ƙura su taru, ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta ruɓe daga kai. Na biyu shafa siminti a kan bangon ƙasa da sunan gyara. Siminti yana tsagewa, ruwa ya shige ta bayansa ya rasa hanyar fita, bango ya ci daga ciki alhali waje yana sheƙi. Maganinsu a duba indararo kafin damina, a kuma riƙa sabunta yaɓe a kan kari. Malam, ka ba mu awa guda daga lokacin aikinka ba ka nemi ko kwabo ba, Allah ya yi wa zuriyarka albarka.

Mai gidan da ya bari a shiga zaurensa, da matasan unguwa da suka raba baƙi kashi uku, kowane kashi bai wuce mutum 12 ba, su ma mun gode. Zaure ba ya ɗaukar mutum 34, kuma in taro ya yi yawa na baya ba ya jin komai sai ya koma kan wayarsa. Masu ɗinkin hannu da muka tarar a inuwa sun shimfiɗa mana riga mai aska takwas, suka juya bayanta don a ga yadda ake bambance ɗinkin allura da na keke.

Mun yi kuskure guda, namu ne ba na kowa ba. Mun lissafa ruwa leda biyu ga kowane mutum, a wannan hunturu mai busar da maƙogwaro, kafin Azahar ya ƙare. A lissafa huɗu, a kuma gaya wa baƙi su zo da takalmin da ake zarewa da sauƙi, domin sau biyar ko shida za a tuɓe. Hajiyar da ta dafa mana waina da miyar taushe a Tudun Wada ita ta rufa mana asiri da zoɓo da fura mai sanyi. Hajiya, sannu da aiki.

Bayan sallah an wuce ta gaban Kamfanin Gaskiya, gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Kwalejin Barewa, ba a sauka ba. A Wusasa masu kula da cocin St. Bartholomew, wanda aka gina da ƙasa a 1929, sun tarbe mu hannu bibbiyu, kuma baƙi da kansu suka gane irin ginin da suka gani da safe. Dutsen Kufena daga nesa aka hange shi. Hawansa na buƙatar safiya guda cur, haɗa shi da zagayen Birni a rana ɗaya zalunci ne ga dattawa.

La'asar ta same mu a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Mun zaɓi Laraba da gangan: Juma'a fada da masallaci sun cika, Asabar da Lahadi kuma sassan jami'a a rufe suke. Jami'an tsaron babbar ƙofa sun duba jerin sunayenmu suka sallame mu ba ɓata lokaci. Ma'aikatan Laburaren Kashim Ibrahim sun zagaya da mu cikin natsuwa ba a dami masu karatu ba. Ɗaliban sashen zane sun bi da baƙi cikin filin sassaƙe-sassaƙensu, suka ba su labarin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Daga ƙarshe aka zauna a dandalin wasan kwaikwayo na jami'a, wanda shi ma da ƙasa aka gina shi, baƙi suna shafa bango suna kiran sunayen da suka koya da safe.

Ga ɗalibai shida da suka riƙe jerin sunaye suna ƙirga mutane a duk hawa da sauka, ƙannenmu, Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa. An tsinci hula guda da tabarau a cikin bas ta biyu, suna hannun sakataren kwamiti, mai su ya zo ya karɓa.